Darasi na 9: Yadda Ƙungiyoyi Za Su Haɗa Kai Su Samu Kwangilar Aikin Gwamnati

Tsawon zama: Awa biyu. Idan ya yi wa mambobi yawa, a raba shi zama biyu.

Kayan aiki: Allo da alli ko babbar takarda da maka, littafin ƙungiya, ƙwayar wake ko tsakuwa don lissafi.

Masu halarta: Duk mambobi. Idan da hali a gayyato shugaba da magatakarda na ƙungiyoyin da ke maƙwabtaka da ku.

Manufar darasi

A ƙarshen wannan zama ana so kowace mamba ta iya:

1. Faɗin irin ayyukan gwamnati da ƙungiyar mata za ta iya nema.
2. Bayyana hanyoyi uku da ƙungiyoyi ke haɗuwa su nemi aiki ɗaya.
3. Lissafa takardun da ake buƙata.
4. Fitar da farashin da ba zai cinye kuɗin akwati ba.

Gabatarwa

 A darussan baya mun yi magana kan zubi, da ba da rance, da rabon ƙarshen shekara. Yau za mu leƙa waje da akwati kaɗan.

Ga mai jagorantar zama: ki fara da waɗannan tambayoyi, ki bar mata su amsa da bakinsu kafin ki ci gaba.

Wa ke ɗinka kayan makarantar da ake raba wa yara a garinku? Wa ke kai sabulu da tsintsiya asibitin sha-ka-tafi? Idan an yi taron bita a sakateriyar ƙaramar hukuma, wa ke dafa abincin?

Amsar da na fi ji a yawon da nake yi ita ce: “Wani ɗan kwangila ne daga birni.” Idan kuma na tambaya wa ya yi aikin da hannunsa, sai a yi dariya a ce, “Ai mu ne.” Shi ya sa hannu a takarda, ya zo ya raba muku aikin a kan kuɗi kaɗan, ya tafi da ribar. Bai fi ku iya ɗinki ko girki ba. Abin da ya fi ku da shi uku ne: takarda, jari, da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ƙungiya ɗaya da wuya ta haɗa ukun nan. Ƙungiyoyi uku ko huɗu, tare da ƙungiyar agaji mai rajista, za su iya. Amma fa haɗuwar tana da ƙa'ida. Idan aka tsallake ta, kuɗin da kuka shekara kuna tarawa ne zai tafi. Saboda haka ku saurara da kyau.

Kashi na ɗaya: Mece ce kwangilar aikin gwamnati?

Kwangila alƙawari ne a rubuce tsakanin ofishin gwamnati da wanda zai yi mata aiki. Takardar tana faɗin irin aikin, yawansa, ranar gamawa, da kuɗin da za a biya. Abin da ba a rubuta ba, ba kwangila ba ne, ko da shugaban ƙaramar hukuma ne ya faɗa da bakinsa a gaban mai gari.

Kwangila ba tallafi ba ce. Tallafi kyauta ne, ita kuwa kwangila ciniki ce. Idan kun kai kaya marasa kyau za a mayar muku, idan kun makara za a iya soke aikin.

A Nijeriya akwai dokar sayen kaya da bayar da kwangila ta shekarar 2007, kuma hukumar BPP da ke Abuja ce ke sa ido a kan ma'aikatun tarayya. Jihohi suna da nasu dokokin da nasu hukumomin. A Kaduna akwai KADPPA, a Jigawa kuma akwai ofishin da kowa ya sani da sunan Due Process. Abubuwa biyu a dokar tarayya sun shafe mu sosai. Na farko, babban aiki sai an tallata shi, kuma a gaban masu nema ake buɗe takardunsu. Na biyu, ƙaramin aiki ana iya bayar da shi ta hanyar karɓar takardar farashi daga aƙalla masu nema uku da ba su da alaƙa da juna. Wannan ta biyun ita ce ƙofarmu.

Haka kuma a shekarar 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da umarni cewa ma'aikatunta su fifita kayan da aka yi a gida wajen sayen wasu abubuwa, ciki har da yunifom, takalma, abinci da kujeru. Kun ga kenan sana'o'inmu suna ciki.

Ayyukan da suka dace da ƙungiyoyi irin namu sun haɗa da:

- Ɗinkin kayan makaranta, hijabai, zannuwan gado da labulen asibiti.
- Dafa abincin 'yan makaranta ko na taron bita.
- Kai hatsi, wake, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko ƙwai makarantun kwana.
- Sabulun wanki da na ruwa, tsintsiya da sauran kayan shara.
- Share kasuwa, tasha ko harabar asibiti.
- Renon dashen itatuwa.
- Wayar da kai gida-gida kan rigakafi, awon ciki ko sa yara mata a makaranta.

Da yawanku kun san shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, na 'yan aji ɗaya zuwa uku. Matan gari aka ɗauka su yi girki, a kan naira 70 kowane yaro a farkon shirin, kuma ta asusun banki ake biyansu. Wadda ba ta da asusu da lambar BVN ba ta shiga ba, komai daɗin girkinta. Wannan ya nuna mana cewa iya aiki kaɗai ba ya isa.

Kashi na biyu: Me ya sa ƙungiya ɗaya ba ta isa ba?

Mu ɗauki misali. Mai jagora ta zana shi a allo, a yi lissafin da wake.

A ce hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma tana son a ɗinka kayan makaranta saiti 600 cikin mako shida. Ƙungiyarku tana da keken ɗinki huɗu. Kowace tela tana gama saiti biyu a rana, bayan ta yi aikin gidanta. Saiti takwas kenan a rana. A kwana shida na mako, 48. A mako shida, 288. Ko rabi ba ku kai ba.

To a ce ƙungiyar ƙauyen gabas tana da keke uku, ta unguwar kasuwa ma uku. An samu keke goma. Saiti 20 a rana, 120 a mako, 600 a mako biyar. Har an samu rarar mako ɗaya don gyara, guga da kai kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba yawan hannu kaɗai ake samu a haɗuwa ba. Wata ƙungiyar tana da rajista amma ba ta da masu sana'a. Wata tana da jari. Wata tana da 'yar sakandare mai iya rubutu da lissafi. Wata tana kusa da titi, tana da ɗakin ajiya. Ita kuma ƙungiyar agaji ta saba cika takardu da rubuta rahoto, tana da kwamfuta, kuma ofisoshi sun san ta.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tsarin akwati da muke bi ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan karkarar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar a 1991. Da tafiya ta yi nisa, ƙungiyoyin can ba su tsaya ɗai-ɗai ba. Sun haɗu sun kafa gamayya, har suka riƙa gudanar da rumbunan ajiyar hatsi tare. Abin da suka yi da hatsi, mu ma za mu iya yi da kwangila.

Kashi na uku: Hanyoyi uku na haɗuwa

Hanya ta farko: uwa ɗaya a gaba. Ƙungiya ɗaya mai cikakkun takardu, ko ta agaji ko ta gama kai, ita ce za ta nemi aikin da sunanta, ta ambaci sauran a cikin takardar nema a matsayin abokan aiki. Ita za ta sa hannu, asusunta kuɗi zai shiga, ita za ta raba. Wannan ita ce mafi sauri, kuma ita nake ba masu farawa shawara. Haɗarinta shi ne komai yana hannu ɗaya. Idan uwar ba ta da amana, ko ta riƙe kuɗi, sauran ba su da ta cewa a ofis, domin ofis bai san su ba. Maganin wannan shi ne rubutacciyar yarjejeniya, kuma a tabbata sunan kowace ƙungiya ya fito a takardar nema.

Hanya ta biyu: sabuwar gamayya. Ƙungiyoyin su haɗu su yi rajistar ƙungiyar gama kai ɗaya, da sunanta, da shugabanninta, da asusunta. Kowace ƙungiya ta ba da wakilai. A nan kowa yana da murya daidai, kuma sunan da za a yi na kowa ne. Sai dai tana cin lokaci da kuɗin rajista, ga yawan taro. Ta dace da ƙungiyoyin da suka riga suka yi aiki tare sau ɗaya ko biyu, suka san halin juna.

Hanya ta uku: aiki ƙarƙashin babban ɗan kwangila. Shi ya ci kwangilar, ku kuma ku karɓi wani ɓangare. Ai wannan muke yi tun da, in ji wata. Gaskiya ne, amma da bambanci. Da, yana bin ku ɗaya bayan ɗaya yana karya farashi. Yanzu da baki ɗaya za ku yi magana, da farashi ɗaya, a rubuce, kuma ku nemi ya ba ku takardar shaidar kun yi aikin. Wannan takardar ita za ku nuna gobe idan aka tambaye ku aikin da kuka taɓa yi.

Tambaya ga zama: wace hanya ce ta fi dacewa da mu a yanzu? Me ya sa?

Kashi na huɗu: Takardun da za a tanada

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa kwanakin da ake bayarwa tsakanin sanarwa da rufe karɓar takardu ba su isa a yi rajista ba. Ku fara haɗa waɗannan tun yanzu, ku sa su a fayil ɗaya:

1. Shaidar rajista. Ƙungiyar gama kai a jiha ake mata rajista, ta ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai. Kamfani, sunan kasuwanci da ƙungiyar agaji kuma a hukumar CAC. Takardar da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ke bayarwa tana da amfani, amma ba kowane aiki take isa ba. Ku tambayi ofishin da kuke nema wace iri suke karɓa.
2. Kundin dokokin ƙungiya da sunayen shugabanni.
3. Asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko mijinta ba. Masu sa hannu su zama uku daga ƙungiyoyi daban-daban, kuma kada kuɗi ya fita sai biyu sun sa hannu. Yadda akwati ke da makulli uku a hannu uku, haka asusu.
4. Lambar haraji, wato TIN, da takardar shaidar biyan haraji idan an nema.
5. Rajista da hukumar kwangila ta jiharku, idan dokar jihar ta ce a yi.
6. Shaidar aikin baya: rasit, hotuna, wasiƙar yabo daga hedimasta ko shugabar asibiti. Ko ɗinkin makarantar Islamiyya kuka yi, ku karɓi takarda.
7. Littafin akwati. Kada ku raina shi. Littafin da ya nuna shekara biyu ko uku ana zubi, ana rance, ana biya ba tare da rigima ba, shaida ce babba cewa kun iya riƙon kuɗi.

Ina ake jin labarin aiki? A allon sanarwa na sakateriya, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, hukumar SUBEB, sashen lafiya, rediyo da jarida. Ku naɗa mata biyu su riƙa leƙawa duk mako biyu. Ku kai takardar gabatar da kanku ga ofisoshin nan tun ba a fitar da aiki ba. Mambobinku da ke cikin kwamitin makaranta ko na asibiti su riƙa kawo labari. Da rashin tayi akan bar arha.

Kashi na biyar: Yarjejeniya tsakaninku

Wannan shi ne zuciyar darasin. Kafin ku kai takarda ofis, ku fara rubuta taku. Na taɓa ganin ƙungiyoyi biyu da suka yi aikin girki tare lafiya lau, ranar da kuɗi ya shigo zumunci ya watse. Ɗaya ta ce mu muka kawo tukwane da itace, ɗaya ta ce da takardarmu aka samu aikin. Kowacce tana da gaskiya, amma ba wanda ya rubuta komai tun farko. Har yau ba sa zama inuwa ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yarjejeniyar ta amsa waɗannan tambayoyi da Hausa, a karanta wa kowa da ƙarfi:

- Wa zai yi wane aiki, nawa, zuwa yaushe?
- Nawa kowace ƙungiya za ta zuba na jari?
- Idan kuɗi ya shigo, me za a fara biya? Shawarata: a fara mayar da jari, sai ladar masu aiki, sannan riba.
- Yaya za a raba riba? Bisa jari, bisa yawan aiki, ko duka biyu?
- Nawa uwar da ke gaba za ta ɗauka na wahalar takardu da zirga-zirga? A yanka shi tun yanzu.
- Wa zai duba ingancin kaya kafin a kai? Idan aka dawo da kayan wata ƙungiya, wa zai ɗauki asarar?
- Idan wata ta kasa cika rabonta saboda haihuwa, rashin lafiya ko rasuwa, wa zai karɓa?
- Idan an yi asara, yaya za a raba ta?
- Idan saɓani ya taso, gaban wa za a je?

Shugaba da magatakarda na kowace ƙungiya su sa hannu ko su dangwala. A samu shaidu biyu da kowa ya yarda da su, kamar mai unguwa da limami ko wata dattijuwa. Kowace ƙungiya ta riƙe kwafi. Kuma kowace mamba ta yi magana da maigidanta tun kafin a fara, musamman idan aikin zai sa ta fita ko ta yi dare. Kada a kai tsakiyar aiki a ji an hana wata zuwa.

Kashi na shida: Fitar da farashi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne karya farashi don a ci aiki. Aikin da aka ci da asara, gara ba a ci ba. Mu koma kan misalin kayan makaranta. Waɗannan alƙaluma na koyo ne kawai. Ku je kasuwa ku tambayo farashin ranar kafin ku rubuta naku.

Kuɗin saiti ɗaya:

- Yadi: ₦4,500
- Zare, maɓalli da roba: ₦500
- Ladar tela: ₦1,500
- Guga da leda: ₦200
- Kuɗin mota: ₦200
- Takardu, hoto da katin waya: ₦100

Jimla: ₦7,000.

A ƙara na ko-ta-kwana, kashi 10 cikin 100, saboda tashin farashi ko yadin da ya lalace: ₦700. Ya zama ₦7,700. A ƙara riba ₦800. Farashin saiti ya tashi ₦8,500.

Ku lura da abu biyu. Na farko, ladar tela daban, riba daban. Kada ku ce ai mu ne masu ɗinkin, ba sai an sa lada ba. Guminku kuɗi ne. Na biyu, gwamnati tana cire haraji daga kuɗin kwangila tun kafin ya iso asusunku. A ce kashi 5 cikin 100 aka cire. Daga ₦8,500 an cire ₦425 kenan, ribar ₦800 ta koma ₦375. A saiti 600, maimakon ₦480,000 sai ku tashi da ₦225,000. Don haka ku tambayi akawun ofishin tun farko: me da me za a cire, nawa ne? Sai ku sa shi cikin lissafi.

Ku duba lokaci ma. Idan aikin ya faɗo tsakiyar damina, hannaye suna gona. Idan ya faɗo cikin azumi, teloli suna fama da ɗinkin salla. Kada ku yi alƙawarin ranar da kun san ba za ku cika ba.

Wajen cika takardar nema, ku bi abin da aka tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ku sa hannu duk inda aka ce, ku rufe ambulan yadda aka ce, ku kai kafin ranar rufewa, ku karɓi shaidar an karɓa. Ana zubar da takarda saboda rashin sa hannu ɗaya tak. Ranar buɗewa ku tura wakilai su zauna su rubuta farashin kowa. Ko ba ku ci ba, kun koyi abin da za ku gyara.

Kashi na bakwai: Kare kuɗin akwati

A misalinmu, yadi da zare kaɗai na saiti 600 sun kai ₦3,000,000, kuma kafin a fara ɗinki ake buƙatarsu. Daga ina za su fito? Nan ne ido ke komawa kan akwati, nan ne kuma haɗarin yake.

Gaskiyar da ya kamata ku sani ita ce biyan gwamnati yakan yi jinkiri. Aiki ya ƙare, a ce takarda tana ofishin wane, a ce ba a saki kuɗi ba. Shiri ma yakan tsaya gaba ɗaya. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da shirye-shiryenta na tallafin jama'a, har da na ciyar da 'yan makaranta. Wadda ta dogara da shi kaɗai ta ji a jikinta. Kuɗin akwati kuwa na marainiya ne, na bazawara ne, na wadda ke jiran rabo ta sayi taki ko ta yi wa 'yarta kayan ɗaki.

Saboda haka ga ƙa'idojin da nake roƙon ku riƙe:

1. Kada a taɓa asusun taimakon gaggawa ko da naira ɗaya.
2. Kada a fitar da kuɗin zubi sai duk mambobi sun zauna sun amince, an rubuta a littafi a matsayin rance mai ranar biya.
3. Kada abin da za a fitar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke akwati. Ku tambayi kanku: idan wannan kuɗin ya yi wata shida bai dawo ba, za mu iya rabo? Idan amsar a'a ce, ku rage.
4. Kada a sayi ko yadi ɗaya sai takardar ba da aiki, mai sa hannu da hatimi, ta zo hannunku.
5. Ku nemi kuɗin kafin alƙalami. Doka ta yarda a ba da wani kaso kafin a fara aiki, ko da yake akan nemi takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. A nan ƙungiyar agaji za ta iya taimakawa.
6. Ku nemi a raba aikin kashi-kashi. A kai saiti 200, a biya, a ci gaba. Ta haka ₦1,000,000 ta isa a fara, kuma idan an raba ta tsakanin ƙungiyoyi uku nauyin ya yi sauƙi.
7. Duk kayan da aka kai, mai karɓa ya ƙirga a gabanku ya sa hannu. Ku riƙe kwafi, ku ɗauki hoto da waya.
8. Kada ku ci bashi mai ruwa daga waje don yin kwangila. Ruwan yana tafiya ko an biya ku ko ba a biya ba.

Ku fara da ƙaramin aiki. Wanda ya gama aikin dubu ɗari biyu lafiya, shi ake kira a na miliyan biyu.

Kashi na takwas: Tarkuna uku

Na goro. Wani zai ce ku ba da kaso kafin a sa muku hannu. Wannan cin hanci ne, kuma dokar 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ga wanda aka kama da karya ta. Ban da haka, kason nan daga ribarku zai fita, ko daga ingancin abincin da 'ya'yanku za su ci. Kada mace ɗaya ta je ofis ita kaɗai. Ku je ku biyu ko uku. Duk kuɗin da aka ce ku biya, ku nemi rasit na gwamnati.

Aron suna. Wani zai zo da fara'a ya ce ku ba shi takardar rajistarku ya nemi aiki, zai ba ku wani abu. Kada ku yarda. Idan ya gudu da kuɗi ko ya yi aikin banza, sunan da ke takarda za a nema, wato ku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

'Yan damfara. Saƙo zai shigo waya cewa an zaɓi ƙungiyarku, ku tura kuɗin fom wani asusu. Ba a ba da kwangila ta saƙon waya. Ku taka ku je ofishin da kanku ku tambaya.

Idan kuma kun ga an yi muku rashin adalci, kuna da damar kai ƙorafi a rubuce ga shugaban ma'aikatar. A dokar tarayya kwana 15 na aiki ake bayarwa daga ranar da kuka san abin, saboda haka kada a tsaya jinkiri. Ku tambayi wa'adin da dokar jiharku ta sa.

Aikin rukuni (minti 30)

A raba mata rukuni uku, kowane rukuni ya zama ƙungiya ɗaya. An ce a kai abincin rana na mutum 100 a taron bita na kwana uku. Rukuni na ɗaya yana da rajista da asusu, na biyu yana da tukwane da masu girki, na uku yana da shinkafa da mai. Ku zauna ku fitar da farashin kwano ɗaya, ku raba aiki, ku amince da yadda za a raba riba. Daga nan mai jagora ta ce: “An gama aiki, amma an ce biya sai bayan wata huɗu.” Kowane rukuni ya faɗi abin da zai yi. A tattauna: da me ya kamata a rubuta tun farko?

Abubuwan tunawa

- Abin da ba a rubuta ba, ba kwangila ba ne.
- Yarjejeniyar tsakaninmu tana gaba da takardar nema.
- Lada daban, riba daban, haraji a cikin lissafi.
- Akwati yana gaba da kwangila.

Aikin gida kafin zama na gaba

1. Magatakarda ta rubuta sana'ar kowace mamba da kayan aikin da take da su.
2. Shugaba da mamba ɗaya su ziyarci ƙungiyoyi biyu mafi kusa, su ji ko suna da sha'awar haɗuwa.
3. Mata biyu su je sakateriya su tambayo abin da ake buƙata don rajistar ƙungiyar gama kai da kuɗinta, su duba allon sanarwa.
4. A kawo duk takardun da ƙungiya ke da su a zama na gaba, mu ga abin da ya rage.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya ba mu abokan tafiya na gari. Sai mun haɗu a darasi na 10.